Sandunan da Ba Su Karye Ba

Asabar, 29 ga Ramadan, bayan La'asar

Na gama ɗaura ƙarfen hana lilo a karafan Abdulilah. Kwana biyu ina kanshi da azumi a baki. Karafan ɗin sabo ne fil, ɗaki guda a kan taya huɗu, da gado da murhu a ciki. Bayan Sallah zai ja shi da jims, babbar motarshi, zuwa Ɗa'if, shi da matarshi Ummulkhairi da ɗiyarsu Nuha.

Shekara goma sha tara ina aiki a warsharshi, garejin gyaran motoci, yau ne ya fara tsayawa ya ji bayani har ƙarshe. Abin ba wuya. Ƙugiya ce mai kauri a bayan mota, da sanduna biyu na ƙarfe da ke fitowa daga jikinta su kwanta a wuyan karafan, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ke raba nauyi, su ke riƙe karafan kada ya kama kaɗa gindi in babbar mota ta wuce shi da iska. Na ce mashi kaya masu nauyi su zauna gaban taya, kuma kada ya wuce tamanin. Na ce za su riƙa kuka a kwana kamar tsohuwar ƙofa, aikinsu ke nan. In dole ta sa ya cire su don yin baya a wuri matsattse, ya maida su kafin ya hau titi. Sau biyu na sa ya cire ya maida da hannunshi, har ya yi gumi. Ya yi dariya ya ce ni da kakarshi ba mu da bambanci wajen mita.

Nuha na tsaye tana ɗaukar mu a waya. Ta ce, “Ammu, bar shi, ni zan riƙa tuna mashi.” Ammu take ce mani, wato baffa. Yarinyar da na goya a wuya har bakin Harami, yau ga ta a jami'a.

Talata, 3 ga Shawwal, da hantsi

Sun tafi. Na je gidansu a unguwar Shisha tun bakwai na auna iskar tayoyi da kaina. Sandunan na wurinsu, na dafa su ɗaya bayan ɗaya. Marwan, yayan Ummulkhairi, ya riga ya yi gaba da iyalinshi, can za su haɗu. Ummulkhairi ta ba ni kwalin ma'amul, biskit ɗin Sallah mai dabino, in kai wa matata Zali.

Talata, bayan Azahar

Abokina Tsoho ya kira. Sun yi hatsari a hanyar Sail, kafin Ɗa'if. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, 4 ga Shawwal, bayan Asuba

Tsoho ne ya ɗauko motar da saɗharshi, babbar motar nan da yake kwasar motocin da suka mutu a hanya. Ya ce waɗanda suka gani sun ce tirela ce ta wuce su a wata gangara, karafan ya kama lilo, dama, hagu, dama, sannan ya kife ya ja jims ɗin ta faɗi ta gefen dama. Nuha ke zaune a gefen dama. Abdulilah ƙujewa kawai ya yi a goshi. Ummulkhairi ta karye a hannu. Nuha an shiga da ita tiyata tun jiya.

Ba ni iya zuwa Ɗa'if. Akwai shingen bincike a hanya, ni kuwa ba iƙama, takardar izinin zama, tun da na zo aikin hajji daga Maraɗi na zauna. Na kira Abdulilah, bai ɗauka ba. Ba laifi, yana asibiti.

Ina ta ƙirga notunan da na ɗaure. Takwas a wuyan karafan, biyu manya a ƙugiya. Na tuna kowane. Ko dai akwai wanda ban tuna ba?

Juma'a, 6 ga Shawwal, bayan La'asar

An maido Nuha wani asibiti a nan Makka. Zali da ɗiyarmu Haifa sun je, ba su yi awa ɗaya ba suka dawo. Zali ta zauna bakin gado ko abaya ba ta cire ba. Da ƙyar ta ce Ummulkhairi ta juya fuska ga bango da ta gan su. A baranda kuma Marwan na gaya wa 'yan dubiya da Larabci cewa ƙarfen da amil ya ɗaura ne ya karye.

Amil, wato ma'aikaci. Marwan ya san sunana. A gidana ya ci tuwon sunan Haifa.

Na tambayi Zali wa ya ce ƙarfen ya karye. Ta ce Abdulilah, wa zai faɗa in ba shi ba. Na ce to wataƙila ya karye ɗin, ƙarfe ma yana karyewa. Ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 8 ga Shawwal, ƙarfe tara na safe

Na je warsha na tarar an sauya kwaɗo. Ina tsaye saƙon Abdulilah ya shigo: kada in zo kwanakin nan, zai neme ni. Da Larabci ya rubuta. Ni da shi Hausa muke yi, Hausar Kano ta kakarshi da ya tashi a hannunta. Na daɗe da lura in zai zille wa mai mota sai ya koma Larabci. Ban taɓa zaton za a zo kaina ba.

Litinin, 9 ga Shawwal, da rana

Haifa ta ji abin da likitoci suka yi wa Nuha. Ta gaya mani. Ba zan rubuta ba.

In hannuna ne, ya Allah, in hannuna ne.

Laraba, 11 ga Shawwal, bayan La'asar

Tsoho ya ce 'yan murur, masu kula da hanya, sun gama rubuce-rubucensu, an kai motar da karafan tashlih, inda ake tara mushen motoci. Na roƙe shi ya kai ni. Ya ce me zan gani ban da ɓacin rai. Na ce notina nake so in gani.

Notunan takwas suna nan daram. Mazaunin sandunan a wuyan karafan bai lanƙwashe ba, ko ƙarzuwa babu. Ramukan ƙugiya biyu fanko ne, ba guntun ƙarfe a ciki. In sanda ta karye dole ta bar gutsure. Na leƙa cikin karafan ta inda bango ya yage, sai ga tankin ruwa babba a can ƙarshen baya, ya fashe. Babu shi lokacin da suka bar Shisha. A hanya aka saya aka cika.

Ƙofar bayan jims ta ƙi buɗuwa, sai da muka sa mata ƙarfe. Ƙarƙashin darduma da fasassun kofunan shayi, ga su nan. Su biyu, kwance gefe da gefe, an ɗaure su da igiya shuɗiya kada su yi ƙara. Fil ɗinsu guda biyu an zuba cikin kwalin tishu don kada su ɓace.

Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai. Tsoho ya ce in ɗauki hoto tukuna kafin in taɓa. Na ɗauka. Suna ƙarƙashin gadonmu yanzu.

Da farko daɗi na ji, Allah ya yafe mani. Ba hannuna ba ne. Daɗin bai kai mu bakin titi ba.

Alhamis, 12 ga Shawwal, bayan Azahar

Na kira Abdulilah sau huɗu. Bai ɗauka ba.

Juma'a, 13 ga Shawwal, bayan saukowa daga masallaci

Zahir ƙaramar unguwa ce in magana ta fita. Mutanen da kan riƙe hannuna su tambayi Zali da Haifa yau yatsu kawai suka ba ni. Wani da na gyara wa mota shekara goma ya ce Allah ya kiyaye gaba, aikin ƙarfe sai da takardar shaida. Na ce amin. Hoton na cikin wayata, wayar na aljihuna. Ban fito da ita ba. Na ce bari in ji daga bakin mai ita tukuna.

Bai kira ba.

Lahadi, 15 ga Shawwal, ƙarfe biyar na yamma

Abdulilah ya zo. Bai hau sama ba, daga cikin wata motar haya ya kira in sauko. Ya rame, ga filasta a goshi. Na tambayi jikin Nuha, ya ce da sauƙi, yana kallon sitiyari. Na miƙa mashi wayar.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara magana, da Hausa. Wai a gidan mai na Shara'i aka tare mashi gaba, dole ya yi baya, ya cire su. Da ya zo maidawa sai ɗaya ta ƙi hawa, rana ta yi zafi, Marwan na ta kira yana cewa sun gaji da jira. Ya ce a ranshi tafiyar da ta rage ba ta kai awa ɗaya ba. Tankin kuma a nan ya saya, bai samu wuri a gaba ba. Ya ce da Ummulkhairi ta farfaɗo ta tambaye shi me ya faru, bakinshi ne ya riga shi. Tana cikin bayan gida lokacin da ya cire su, ba ta gani ba.

Na ce to yanzu ya je ya gyara maganar.

Ya ce, “Mu'allim, in ta sani gidana ya mutu. Ba za ta ƙara kallona ba. Kai me za ka rasa? Magana ce, wata biyu an manta.”

Na ce Marwan fa.

Ya ce shi ya sa ma ya zo. Marwan ya rantse sai ya kai sunana jawazat, hukumar shige da fice. Gara in ɗauki Zali da Haifa mu koma Jidda wurin wani abokinshi har ƙura ta lafa. Ya kama hannuna ya ce, “Ka rufa mani asiri, Yaya.”

Bai taɓa ce mani Yaya ba sai yau. Ranar da mahaifinshi ya rasu ni na riƙe kan gawar muna wanka, shi yana kuka ya kasa zuba ruwa. Ko ran nan Mu'allim ya ce mani, sunan da ake kiran babban makanike a nan.

Na buɗe ƙofa na fita. Ban amsa ba, ban ƙi ba. Wannan ke cina.

Litinin, 16 ga Shawwal, da safe

Kai me za ka rasa.

Litinin, bayan La'asar

Zali ta ce in ɗauki sandunan yanzu in kai asibiti in ajiye a gaban Ummulkhairi, in ba zan iya ba ita za ta ɗauka a ka. Na ce mace ce da karyayyen hannu a bakin gadon ɗiyarta, in je in karya mata abin da ya rage? Ta ce ni ina tausayin gidanshi, shi ya tausaya wa nawa? Shekara ashirin da shida da aure, yau ta dafa abinci ta ajiye mani ba ta zauna ba.

Gaskiyarta ce. Na san gaskiyarta ce. Amma duk lokacin da na sunkuya zan jawo su sai in ga Nuha tana jin abin da ubanta ya yi.

Laraba, 18 ga Shawwal, ƙarfe goma na safe

Motocin jawazat sun fara zagaye, kamar kowace shekara in hajji ya matso. Da can nakan kwana a warsha har a wuce, a rufe ni ta waje. Bana ina ɗaki. Duk wanda ya taka matakala sai mu kalli juna.

Tsoho ya ce Marwan ya kira shi yana tambayar gidana, ya ce mashi bai sani ba tun da muka tashi daga tsohon wuri. Abdulilah ya sani, bai faɗa ba. In gode mashi ke nan?

Haifa ta tambaye ni da Larabci ko a Maraɗi ana samun makarantar da za ta karɓe ta. Ba ta taɓa ganin garin ba. Hausarta ma ta cefane ce. Na ce ta daina wannan magana, ta ce ai gara ta sani.

Bai kira ba.

Asabar, 21 ga Shawwal, bayan Azahar

Nuha ta matsa sai an kawo mata Haifa, har uwar ta gaji ta yarda. Haifa ta je ta dawo da leda a hannu da ido jajir. Takalman Sallar Nuha ne a ciki. Nuha ta ce mata ta ɗauka duka biyun, ita guda kawai za ta iya sawa yanzu, guda kuwa ba ya yi wa kowa amfani.

Ashe ba wanda ya gaya wa Nuha abin da ake faɗa a kaina. Ta tambaya me ya hana Ammu zuwa, ko fushi yake. Haifa ba ta iya ɓoye abu, ta gaya mata. Ta ce da Nuha ta ji sai ta ce mata ta tafi gida.

Na yi wa Haifa faɗa. Ban san dalili ba. Daga baya na ba ta haƙuri.

Lahadi, 22 ga Shawwal, da hantsi

Saƙon murya daga Nuha. Na saurara sau ɗaya, ba zan ƙara ba, amma zan rubuta don kada wata rana in ce mafarki na yi.

“Ammu, ni ce. Na tuna mashi. Wallahi sau biyu na tuna mashi, a gidan mai da kuma bayan mun hau titi, Mama na barci. Ya ce in yi shiru da surutun Mu'allim. Na gaya wa Mama yau, a gabanshi, a gaban Khali Marwan. Ka yafe mana. Ka zo.”

Abin da na yi kwana goma ina tsare ta daga ji, ashe ita ta fi kowa sani. Tana kwance da shi ita kaɗai.

Talata, 24 ga Shawwal, bayan La'asar

Ummulkhairi ta zo gidanmu, hannu rataye a wuya. Hawa uku ta hau a haka. Marwan ya kawo ta, amma ya zauna a mota. Wannan karon ya samu wanda ya nuna mashi hanya.

Ba ta sha shayin da Zali ta zuba ba. Ta ce tana so ta gani da idonta. Na jawo su. Ba sandunan ta kalla ba, igiyar ta taɓa. Ta ce ta shanyarta ce, ita ta sa a mota don su rataya tawul a Ɗa'if. Ta ce kuma ta san ɗaurin.

Ta roƙi gafarar Zali tukuna, don juya fuskar da ta yi. Sannan ta juyo ta ce, “Baban Haifa, na zage ka a zuciyata cikin sujada. Ban san yadda ake maido wannan ba.” Na ce babu komai, uwa ce. Ta ce zancen jawazat ya mutu, ta sa Marwan ya dafa Alƙur'ani. Ita tana gidan mahaifiyarta yanzu. Ban tambayi ƙari ba, ba hurumina ba ne.

Ta ce a sauke mata sandunan cikin mota. Na sauke. Marwan ya buɗe bayan motar daga inda yake zaune, yana kallon gaba.

Zali ta yi kuka bayan sun tafi, ta ce Allah ya wanke mu. Ni ban ji an wanke ni ba. Na ji dai kamar an gama cire haƙori.

Alhamis, 26 ga Shawwal, ƙarfe huɗu na yamma

Tsoho ya kai ni asibiti ta ƙananan hanyoyi. Na tsaya daga wajen kanta, fuskarta kawai na kalla. Ta yi mani tsiya wai na tsufa cikin sati uku. Ta ce za ta koma jami'a bayan hajji ko da a keken guragu ne. Da muka tashi tafiya ta riƙe hannun rigata ta ce, “Ammu, da suna jiki, da hakan ta faru?”

Na ce Allah kaɗai ya sani. Ta kalle ni. Ita ma ta san na san wani abu daga ciki.

Juma'a, 27 ga Shawwal, bayan saukowa daga masallaci

Ba masallacinshi ba ne, amma Abdulilah ya zo, ya ratso sahu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni. Da aka sallame ya sa mani sabon makulli a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce jibi za a buɗe warsha, motoci sun taru, abin da ya wuce ya wuce, ƙaddara ce ta hau mu duka. Mutane na kallo. Wasu har da murmushi, wai an shirya.

Na jira in ji ya roƙi gafara. Kalma ɗaya ce, da Hausa gajera ce, da Larabci ta fi gajarta. Ya gyara shimagin da ke kanshi ya tafi neman takalmi.

Asabar, 28 ga Shawwal, da rana

Tsoho ya san wani da ke kafa tantuna a Arfa, yana neman mai duba injinan wuta har a gama hajji. Bayan hajji ban sani ba. Zali ta ce duk wanda na zaɓa tana ciki, amma kada in zaɓa don tsoro.

Lahadi, 29 ga Shawwal, bayan La'asar

Tsoho ya ɗauke ni ƙarfe bakwai. Na ce ya bi ta warsha. Abdulilah na tsaye a bakin ƙofa da farar jallabiya, ya ɗaga ƙyauren rabi ya kasa ƙarasawa, don sai an daki gefen hagu yake hawa, shi kuwa bai taɓa sani ba. Da ya gan ni fuskarshi ta saki.

Na sauka na ɗora makullin a kan wata mota da ke jira. Ya kalli makullin, ya kalle ni, ya ce, “Mu'allim.” Na tsaya. Na ƙirga goma a zuci, na ƙara goma. Ya sunkuyar da kai ya ce mai farar motar nan zai zo ƙarfe tara.

Na ce a daki gefen hagu. Na koma na hau saɗha.

Tsoho ya ja, muka wuce Muzdalifa. Arfa akwai rana. Injin goma sha biyu aka ba ni, yau na duba uku.